Ku Buɗe Cikin Bindigar Nan Ku Ga Abin Da Ake Sayar Wa Ƴaƴanmu

Washegarin Sallar azumi, da hantsi, ɗan ƙanena ya shigo mini zaure yana kuka, hannunsa riƙe da bindigar roba. Shekararsa tara. Jiya-jiya ya saye ta wajen wani mai tebur a nan Tabotaki, da kuɗin barka da Sallah da ya yini yana tarawa gida-gida, dala biyar nan, dala goma can, uwarsa kuma ta cika masa daga ɗan abin da ubansa ya aiko daga Abijan. Jikka biyu da rabi cif. Duk wanda ya san tiyar hatsi nawa jikka biyu da rabi ke aunowa a tsakiyar bazara, ya san ba kuɗin wasa ba ne. Yaron ya miƙo mini ita ya ce, "Baba, ta ƙi harbi." Na ja bayanta, na ji wani abu ya ce ƙas. Na girgiza ta kusa da kunnena, sai ƙarar tarkace kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwanin madara. Ko kwana ɗaya cikakke ba ta yi a hannunsa ba.

A waje kam ba ta da makusa. Baƙa wuluk, tana ƙyalli, ga nauyi a hannu, ga rubutun Turanci a gefe, ga hoton soja a jikin kwalinta. Babba ma in ya hange ta daga nesa sai gabansa ya faɗi. Na ɗauke ta na kai wa wani abokina mai gyaran rediyo da fitila da salula, na ce ya buɗe mini ita. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwance kusoshi shida, bindigar ta rabu biyu kamar an fafe duma. Abin da muka gani a ciki shi ya sa ni wannan rubutu, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Nauyin nan da ya ruɗi yaron, guntun ƙarfe ne mai tsatsa, irin wanda ake tsinta a juji, an manne shi da gam a cikin mariƙin. Ba ya aikin komai. An sa shi ne don mai saye ya auna a hannu ya ce wannan mai ƙwari ce. Tun a masana'anta ke nan wani ƙato ya zauna ya yi tunanin yadda zai yaudari hannun ƙaramin yaro, ya kuma samu dabarar.

Aikin irin wannan bindiga ba shi da wuyar ganewa. Akwai ɗan bututu, a cikinsa akwai fistan, bayan fistan akwai sifirin. In ka ja bayanta, fistan zai danne sifirin, wata ƴar ƙugiya ta riƙe shi a danne. In ka taɓa kunama, ƙugiyar ta saki, sifirin ya ingiza fistan, fistan ya ingiza iska, iska ta fitar da ƙwayar roba ta baki. Wanda ya taɓa yin amfani da famfon keke ya san aikin. Duk nauyin yana kan ƴar ƙugiyar nan. Ita ke riƙe da ƙarfin sifirin, ita ake gogawa a kowane harbi. A bindigar yaron, ƙugiyar ta roba ce, kaurinta bai fi na farcen babban yatsa ba, robar kuma mai gautsi, irin wadda in ka lanƙwasa ta take yin fari ta karye. Sifirin ɗin kuwa mai ƙarfi ne, sai da abokina ya sa hannu biyu kafin ya danne shi. Ya ɗaga guntun ƙugiyar a bakin sukundireba ya nuna mini, ya ce, "Malam, ka gani? An ɗora wa ɗan akuya kayan raƙumi."

Muka ci gaba da dubawa. Fistan ba shi da zoben robar da ke hana iska tsiyaya ta gefe, shi ya sa aka ƙara ƙarfin sifirin don a cike giɓin. Babu ko ɗigon giris a inda roba ke gogar roba. Biyu daga cikin ramukan kusoshin sun riga sun tsage tun wajen ɗaurin farko. Bututun da ƙwaya ke bi ta fita yana da ƙaiƙayin roba a ciki, ba a ko share shi ba bayan an fitar da shi daga zubi. Na ce masa ya yi abin da zai iya, yaro na jira. Ya girgiza kai. "Ko na manna ta, harbi uku za ta yi ta sake karyewa. Kuma babu inda ake sayar da wannan ƙugiyar, ko a Ƙonni, ko a Maraɗi. Ba a yi ta don a gyara ba." Mutumin nan na sha ganin ya tada rediyon da ta girme shi. Rannan ya mayar mini da bindiga cikin leda.

Da asarar kuɗi ce kawai, da na haɗiye, na ba yaron haƙuri. Abin ya wuce nan. Mutane suna ɗauka ruɓaɓɓiyar bindigar wasa ba ta da haɗari tunda ba ta da ƙarko. Wannan kuskure ne babba. Ruɓewar cikinta ita ce haɗarin. Ƙugiyar da ta fara cinyewa ba ta karyewa nan take. Kafin ta karye sai ta riƙa zamewa, bindigar ta tashi da kanta ba wanda ya taɓa kunama. Bututun da ke da ƙaiƙayi kuma yana maƙale ƙwaya. Me yaro ɗan shekara bakwai zai yi in ya harba bai ga komai ya fito ba? Zai juyo da bakin bindigar ya leƙa. Kowane uba ya san haka zai yi. Ƙwayoyin da ake haɗowa da ita su ma na ƙarshen araha ne, da layin zubi a tsakiyarsu, wasu da rami a ciki, in sun bugi bango sai su tarwatse. Yara kuma suna tsince su daga cikin rairayi su mayar, da ƙasa da komai, in sun ƙare su cusa ƙwayar dawa ko ƙaramar tsakuwa.

Na ga ƙarshen wannan da idona, shekarar da ta gabata, a gidan maƙwabcina. Ƴarsa mai shekara shida tana zaune bakin murhu da lallen Sallah a hannu. Yayanta ya ɗana tasa bindigar, yana juya ta yana nuna wa abokinsa, yatsansa ma ba ya kan kunama. Ta tashi. Ƙwayar ta samu yarinyar a idon hagu. Da na shiga, uwar na riƙe da ita, idon ya rufe, ruwa na zuba. Da aka buɗe shi a hasken fitila sai ga jini ya kwanta a ƙasan baƙin idon, a cikinsa, kamar an zuba shi a ƙaramin kofi. Aka kai ta gidan likita, aka ce wannan sai birni. Ranar Sallah ce, neman mota kaɗai ya cinye yini. Uban ya sayar da akuya biyu. Yarinyar ta dawo da idonta, amma da fari a tsakiya, kuma in ka tsaya ta hagunta sai ta juyo da kai gaba ɗaya kafin ta gan ka. Yayan nata tun daga ranar ba ya son a ambaci Sallah a gabansa. Shekararsa goma. Wa zai sauke masa wannan nauyin?

Likitocin ido sun san wannan rauni sarai. Ƙwayar tana da faɗin milimita 6, ƙanƙantarta ta isa ta wuce ƙashin gira da na kunci, waɗanda ke kare ido daga babban abu kamar ƙwallo, ta daki ƙwayar idon kai tsaye. Tana iya karce gaban ido, tana iya tara jini a ciki, tana iya kawo yanar ido ga ƙaramin yaro, kuma bayan shekaru hawan ruwan ido na iya biyowa baya ba wanda ya lura. Wannan a garin da mai ciwon ido na gaske sai ya nufi Tawa ko Maraɗi ko Yamai, wasu ma har Kano.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne, a inda aka ƙirƙiro wannan wasa ba haka ake yin sa ba. Sunansa eyasof, kuma a Japan ya taso cikin shekarun 1970, ƙasar da dokarta ta tsananta ƙwarai kan mallakar bindiga, sai masu sha'awa suka koma ga kwaikwayonta mai harba roba. A 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir. A cikinta akwai ƙaramin inji da giya uku masu haƙora da ke jan fistan baya su sake shi, sau da yawa cikin sakan ɗaya. Masu wannan wasa a Japan da Turai da Amurka mafi yawansu manya ne, kuma babbar gardamarsu a kan kayan ciki take. Wace giya ce ta ƙarfe na gaske, wace ce ta narkakken tutiya da ke marmashewa. Haƙoran fistan na roba ne ko na ƙarfe. Zoben roba yana riƙe iska ko yana tsiyaya. An daidaita tazarar giya da giya ko an bar su suna cin juna. Kowane yanki da sunansa, da kuɗinsa, da inda ake sayen wani in ya lalace. Mai saye a can yakan tambayi ciki kafin ya dubi fenti. Sannan ba a barin kowa ya shiga filin wasan ba tare da tabarau mai kare ido ba, kuma akwai na'urar da ake auna gudun ƙwayar kowace bindiga kafin a fara.

Su da suka ƙirƙiro ta tsoronta suke ji. Japan ta yi doka a 2006 ta ƙayyade ƙarfin irin waɗannan bindigogi, kada ya kai jul ɗaya a ma'aunin ƙarfi, kuma kamfanoninsu suna raba ta ƴan shekara 10 da ta ƴan shekara 18. Faransa, wadda muka gaji tsarin dokokinmu da yawa daga gare ta, tun 1999 ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba duk wadda ƙarfinta ya wuce jul 0.08. Ga lissafin a sauƙaƙe. Ƙwayar araha nauyinta giram 0.12 ne. In ta fita da gudun mita 50 a sakan, ƙarfinta jul 0.15, kusan ninki biyu na abin da Faransa ta yarda a miƙa wa yaro. Bindigar da ke huda takarda daga nesa, ko ta bar ja a fatar hannu, ta kai nan. Abin da ɗan Faransa mai shekara 17 ba zai iya saye ba, shi ake zubawa a tebur a kasuwannin Buza da Madawa da Keita, kusa da alewa da balan-balan, ana miƙa wa ɗan shekara biyar. Tabarau kuwa ban taɓa ganin mai tebur ɗaya ya haɗa da shi ba.

In wani ya ce ai waɗannan ƙasashen masu arziki ne, to ga Afganistan. Musulmi ne irinmu, talakawa irinmu, yaransu ma da kuɗin barka da Sallah suke sayen bindigar roba. A watan Yulin 2015, bayan Sallar azumi, yara da matasa fiye da ɗari aka kai asibiti da raunin ido cikin kwana uku. Ma'aikatar cikin gida ta ƙasar ta hana sayar da bindigogin wasa, ta sa ƴan sanda su kwashe. Ƙasar da ke cikin yaƙi ta samu lokacin tsayawa kan idon yara. Mu me ya hana mu?

Na koma wajen mai teburin da ledar a hannuna. Saurayi ne, na san ubansa. Na zazzage masa tarkacen a kan tebur na ce, "Ɗana, ka san abin da kake sayarwa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, ni ma haka na saro. Kwali guda na ɗauko, ba a buɗe mini ba. Kayan Shinuwa ne, kowa ya sani. Ni ma in na mayar ba za a karɓa ba." Na yarda bai buɗe ba. Amma ya san bara ma an dawo masa da su, ya kuma sake sarowa bana, don ya san ranar Sallah yaro ba ya ciniki, kuka yake yi sai an saya. Yana da nasa rabon alhakin, na kuma faɗa masa a gaban mutane.

Sai dai maganar nan ta "kayan Shinuwa ne" ta ishe ni. Ta zama bargon da kowa ke lulluɓa da shi. Ƙasar Sin, wato ƙasar Shinuwan, tana yin kowane irin kaya. A Chenghai, cikin birnin Shantou, inda masana'antun kayan wasan yara suka taru, ana yin wanda zai shiga Turai ya tsallake gwajinsu, ana kuma yin wanda ba zai tsallake gwajin kowa ba. A babbar kasuwar Yiwu duk suna nan a jere, kowane da farashinsa. Mai masana'anta abin da ka biya shi zai zuba maka. Wanda ya je can ya zauna ya ce a rage masa kuɗi ko da za a rage kauri, a bar fentin yadda yake, a cika masa kwantena, namu ne. Ɗan'uwanmu ne, da hularsa da carbinsa. Ya san ƙugiyar roba ce. Ya san inda za a kai kayan akwai zafin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, zafin da ke lanƙwasa bokiti in an manta shi a rana, ga ƙura da rairayi da ke shiga kowane rami. Ya san ƴaƴan talakawa za su saya. Nasa ƴaƴan ba irinta yake kawo musu ba. Daga tashar ruwa kayan su hau mota, su sauka a manyan kasuwanni, su bi hannu uku ko huɗu, kowa ya ɗora ribarsa, har su iso teburin ƙauye. A duk tsawon wannan tafiya an biya kuɗin fito, an buga hatimi, an ƙirga kwali. Ba a samu mutum ɗaya da ya kwance kusoshi shida ba.

Abin kunyar shi ne mu Adarawa ba mutanen da ake yi wa rufa-ido a ciniki ba ne. Je ka kasuwar dabbobi ka ga yadda dattijo ke buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya taɓa ƙugu, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Mai sayen albasa a Galmi ba ya yarda da ta saman buhu, sai an zazzage ya ga ta ƙasa. Mace in za ta sayi tabarmar Madawa sai ta juya bayanta ta duba saƙa da bakin. Mai sayen hauya yana ƙwanƙwasa ruwan ya saurari ƙarar, kuma in ta karye kafin damina ta ƙare ya san ƙofar maƙerin, maƙerin ma ya san za a zo. Iyayenmu mata sun ɗauki duwatsu a ka tun daga 1984, lokacin aikin raya karkara na Keita da Italiya ta ba da kuɗinsa, suka jera su a kan tuddai don tare ruwa, da yawansu suna nan har yau. Mun san aiki mai ƙarko. Amma da zarar an kawo mana abu cikin kwali da leda mai ƙyalli, sai mu ajiye duk wannan basira, mu yi wa rogo kallon kitse.

Kuma cutar ba a bindigar yara ta tsaya ba. Tambayi masu noman rani a kwarin Maggiya da na Tarka. Mutum ya ci bashi ya sayi injin ban-ruwa, fenti ja, suna irin na Japan a jiki. Albasa ta fara ƙwai, injin ya fara hayaƙi, ya tsaya. A kwance a ga zoben fistan ya cinye. A sayo wani a kasuwa, shi ma jabu, ya yi mako biyu. Kwana uku ba ruwa a watan zafi ya isa ya kashe wahalar wata huɗu. Haka fitilar hasken rana da batirinta ke mutuwa kafin shekara, haka cajar salula da ke narkewa a bango. Hannu ɗaya ne ke odar su duka, da tunani ɗaya: ka gyara waje, ka rage ciki, ƙauye ne za a kai. Bindigar yara ta fi ci mini rai ne kawai don wanda aka cuta a nan bai san ma an cuce shi ba. Ɗan ƙanena ya ɗauka shi ya lalata ta. Sai da na nuna masa ƙugiyar a tafin hannuna kafin ya daina cewa, "Baba, ban yar da ita ba."

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce talaka ba shi da kuɗin mai kyau, a bar yara su yi murnarsu. Wace murna? Ta yini ɗaya da kukan mako? Jikka biyu da rabi a abin da ya yi sa'o'i kaɗan ya fi kowane kaya tsada a kasuwar. Wasu kuma za su ce mu ma mun yi wasa da danƙo da baka da kibiyar kara, ba mu mutu ba. Gaskiya ne mun yi, kuma danƙo ma ya ci idanu, kada mu yi wa kanmu ƙarya. Amma danƙo da hannunka ka ɗaure shi, kana ganin robar in ta fara tsagewa, ba ya tashi sai ka ja. Bindigar da muke yi da karan dawa da motar da muke lanƙwasawa da waya, mun san cikinsu don mu muka yi su, in sun lalace mu gyara kafin la'asar. Ko dala ba mu biya ba. Yaron yau an raba shi da wannan sanin, an sayar masa da akwati rufaffe wanda ba ya iya buɗewa, ba ya iya gyarawa, ba ya kuma iya sanin lokacin da zai tashi.

Akwai kuma maganar da ba na son yi amma dole. Jihar Tawa ba ta cikin kwanciyar hankalin da za a riƙa yawo da abin da ya yi kama da bindigar gaske. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tilliya a rana ɗaya. A kudu, ta wajen Bangi, mun karɓi ƴan'uwanmu da ƴan bindiga suka koro daga ƙasar Sakkwato. Mutane a tsorace suke, masu tsaro a ɗane suke. A Amurka doka ta sa a yi wa bakin bindigar wasa alama mai launin lemu, duk da haka a watan Nuwamban 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a birnin Cleveland, yana riƙe da irin wannan bindiga da alamarta ta fita. Namu da ake kawowa baƙaƙe ne tun daga baki har mariƙi, wasu ma siffar Kalashnikov sak. Ɗan shekara goma sha huɗu ya fito da irinta daga lungu da magariba, wa zai tsaya tambayarsa ta roba ce? Duk ƙoƙarin mai masana'antar ya zuba shi ne a kamannin da ke iya jawo wa yaro harsashi na gaske.

To ina kira. Muna da hukumar ANMC da aka ɗora wa aikin ingancin kaya da awo a Nijar, muna da duwan a kan iyaka. Su sa bindigar wasa cikin kayan da ake buɗewa a gwada kafin su shiga kasuwa. Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike na miliyoyi: na'urar auna gudun ƙwaya ƴar ƙarama ce, sauran kuma sukundireba ne da ido. Wadda ƙarfinta ya wuce na yara, ko aka yi ta baƙa kamar ta gaske, a tsare ta a nan. Kafin wannan ya iso daga Yamai, hukumomin garuruwanmu da sarakunanmu da sarakunan kasuwa suna da ikon cewa ba a kasa wannan kaya a kasuwarmu ranar jajibiri. Sun hana abubuwan da ba su kai wannan ba. Limamai su faɗa a huɗubar Juma'ar da ke gaban Sallah, gidajen rediyon karkara su maimaita. Malaman makaranta su kwance guda ɗaya a gaban aji su nuna wa yara guntun ƙarfen da aka manna a ciki, don yaron da ya ga an yaudare shi da idonsa ba ya mantawa. Ma'aikatan gidajen likita kuma su riƙa rubuta duk yaron da aka kawo da raunin ido a makon Sallah da abin da ya same shi, a tara a kai Tawa, don masu yanke hukunci su ga adadin a takarda.

Ku kuma alhazan da ke odar kwantena, ku ji tsoron Allah. Kun fi kowa sanin hukuncin mai ɓoye aibin kaya. In za ku kawo wa yaranmu abin wasa, ku kawo ƙwallo, ku kawo mota mai taya, ku kawo bindigar ruwa mai launi in dole sai bindiga. Ribarku ba za ta ragu ba, yaro duk abin da ya gani a tebur ranar Sallah shi zai saya.

Iyaye, ku ne na ƙarshe a layin, kuma ku kaɗai ne ba ku da riba a ciki. Tsakanin Sallar azumi da ta layya kusan kwana saba'in ne, kwalayen sun riga sun kamo hanya. Yaro zai ja muku riga, zai yi birgima a gaban tebur, abokansa duk sun saya. Ku bar shi ya yi kukan. In kuma akwai wadda ta riga ta shigo gida, ku karɓe ta yau, ku zubar da ƙwayoyin cikin masai, ku cire sifirin kafin ku mayar masa. Ta ɗan ƙanena tana nan wajena a buɗe cikin leda, da ƙugiyar da guntun ƙarfen. Duk uban da ke shakka ya biyo ta zaurena ya gani kafin ya miƙa kuɗinsa.